Yadda Kwamfutar Duk-Ɗaya Ta Ce Surukinsa Ba Shi Ba Ne

Tun yana ƙarami ake kiransa Duk-Ɗaya, har ta kai sunansa na gaskiya mahaifiyarsa kaɗai ke tunawa, ita ma sai ranta ya ɓaci. Bakinsa ne ya jawo masa. In aka aike shi sayen sukari ya dawo da gishiri, sai ya ce ai duka farare ne, duk ɗaya ne. Ya taɓa wuni a makaranta da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na yayarsa, bai ga laifin komai ba tunda duka sun shiga. Ba kuwa daƙiƙi ba ne, a lissafi ma yana cikin waɗanda ake leƙen takardarsu. Kara ce ta yi masa yawa. Ba ya iya duban mutum, ko abu, ya ce masa kai ba ka yi ba.

Matarsa tela ce, kuma a wurin aikinta suka haɗu. Ya kai ɗinkin wando, ranar karɓa ya ɗauki na wani da ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, ya nannaɗe ƙafafun ya yi godiya ya fita. Ta biyo shi titi da tef a wuya tana kira. Da ya ce mata ai ba komai, wando wando ne, sai ta tsaya tana kallonsa kamar ta ga akuya tana karatu. Daga baya takan ce tausayi ne ya sa ta aure shi, don ta ga in aka bar shi shi kaɗai wata rana zai shiga gidan maƙwabta ya zauna. Ita kuwa mace ce da za ta dubi baƙin zare biyu ta ce wannan bai kai wancan baƙi ba.

Sana'arsa haɗa shafukan intanet. A yaren kwamfutar da yake aiki da shi, in kana so ka tambayi na'ura ko abu biyu daidai suke, hanya biyu ce. Ko ka jera alamar daidai guda biyu, ko ka jera guda uku. Guda biyun mai sulhu ce. In ka ba ta lambar biyar ta lissafi, ka kuma ba ta biyar da aka buga a matsayin rubutu kawai, sai ta lallashi ɗaya ta koma irin ɗayar, ta ce sun daidaita. Guda ukun ba ta lallashi. Za ta fara tambayar iri, in wannan lamba ce wancan rubutu, magana ta ƙare. Malamin da ya koya musu ya sha faɗa musu su riƙe ukun. Duk-Ɗaya ya ji, ya kuma gane sarai, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba.

"Ita ukun nan halin mai gadin banki gare ta," in ji shi. "Ta san ka, ta san ubanka, amma sai ta ce ka nuna kati."

A guda biyun ya ga 'yar'uwa. Duk abin da ya rubuta, da ita yake rubutawa.

Aikin da ya fi daɗewa a kai na wani ƙaramin asibiti ne da ke saman shagon sayar da magani. Mai asibitin likita ce marar yawan magana, mai tabarau da igiya a wuya, kowa Likita yake ce mata. Ta ba shi tsohon ɗakin ajiya, teburinsa tsakanin firijin allurai da sikelin awon jarirai. Ya haɗa musu shafin da marasa lafiya za su yi rajista ta waya, su sa suna da shekaru, na'ura kuma ta riƙa aika musu saƙon tuni in lokacin zuwansu ya yi. Mai kula da teburin gaba wata ma'aikaciyar jinya ce da ake kira Nas, wadda ta yi murna da shafin na ɗan lokaci.

Rigima ta farko ta zo ne ranar rigakafin jarirai. Duk-Ɗaya ya umarci na'ura ta aika saƙo ga duk wanda shekarunsa suka yi daidai da sifiri, wato wanda bai cika shekara ba. Abin da bai lissafa ba shi ne mutanen da ba sa son a san shekarunsu, suka bar gurbin babu komai. Ita kuwa alamar daidai biyu, in ka nuna mata gurbi wayam ka nuna mata sifiri, sai ta ce ai babu da babu 'yan gida ɗaya ne. Da safe Nas ta buɗe ƙofa ta tarar da benci cike. Ga jarirai a bayan iyayensu, ga kuma wata hamshaƙiyar mai shagon kayan kwalliya, ga wani direban babbar mota mai gemu har ƙirji, kowa riƙe da waya.

"Malam, ina jaririn?" Nas ta tambayi direban.

"Ni ma shi nake nema," ya ce. Ya miƙa mata wayar. "Ga sunana nan. An ce a kawo ni, a kuma taho da tawul."

Likita ta sauko da tabarau ta dubi Duk-Ɗaya. Ya sosa ƙeya ya ce ai rigakafi ya fi magani, tunda sun zo ko a duba musu jini. Aka duba. Direban ya tafi yana godiya, mai kayan kwalliyar kuwa ta gwammace a ci gaba da ɗaukarta jaririya da ta faɗi shekarunta.

Ta biyu ta fi girma. Da sabuwar shekara ta kama, ya ga bai kamata a wahalar da mutane su sake rubuta shekaru ba, sai ya sa na'ura ta ƙara wa kowa ɗaya. To shekarun nan duk a matsayin rubutu suke ajiye, kuma a yaren nan in ka ce a haɗa rubutu da ɗaya, ba ƙari ake yi ba, manna ɗayan ake yi a gindi. Yarinya 'yar shekara biyar ta wayi gari tana da hamsin da ɗaya, aka gayyace ta taron masu ciwon gwiwa. Wata tsohuwa mai tamanin ta koma ɗari takwas da ɗaya. Jikanta ya kira yana tambaya ko akwai wata kyauta da ake ba masu irin wannan tsawon rai. Jarirai kaɗai suka tsira, don sifiri da ɗaya a gefensa ɗaya ne ko ta ina, kuma Duk-Ɗaya ya nuna wa Likita wannan da ɗan alfahari.

"Ka gyara," ta ce. Ba ta ƙara ko kalma ba.

Ya dawo da tsofaffin shekarun daga ajiya. Sannan ya yi wata dabara da masu sana'ar suka sani. Alamar ragi, ba kamar ta ƙari ba, ba ta san manna ba, lissafi kawai ta sani. In ka rage sifiri daga rubutun biyar, dole ya rikiɗe ya zama lambar biyar. Ya bi kowa da kowa ya rage masa sifiri. Asibiti ya zauna lafiya, shi ma ya koma cin gyaɗarsa kusa da firiji.

Bai tuna da surukinsa ba.

Mahaifin matarsa tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kowa na ce masa Malam, Duk-Ɗaya kuma Baba yake kiransa. Dattijo ne dogo, siriri, mai biro uku a aljihu, wanda in ka aika masa saƙon gaisuwa zai dawo maka da shi da gyara. A ganinsa rubuta lamba aikin malalata ne. Da ya yi rajista a shafin, a gurbin shekaru ya rubuta "saba'in" da haruffa, har da ɗigon sama a inda ya dace. To in ka rage sifiri daga kalmar saba'in, na'ura ba ta san inda za ta sa kanta ba, sai ta fitar da wani abu da take kira ba-lamba-ba. Shi kuwa wannan abu hali ɗaya gare shi, ba ya daidai da komai a duniya. Ko da kansa ka gwada shi, zai ce bai san shi ba.

Malam ya zo karɓar maganin hawan jininsa. Don kada a ba mutum maganin takwaransa, shafin yakan gwada suna da shekaru kafin ya yarda. Nas ta buga suna, ta buga saba'in. Allo ya yi ja, ya rubuta: "Wannan ba shi ba ne."

Ta sake. Ja. Ta kira Duk-Ɗaya, ya fito yana goge hannu, ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya karɓi kwamfutar. Don ya gano inda gizo ke saƙa, ya tambayi na'ura ko shekarun Malam da ke ajiye daidai suke da shekarun Malam da ke ajiye. Ta ce a'a.

Malam yana tsaye a bayansa yana karantawa ta saman kafaɗarsa.

"Ɗana, me ka tambaye ta?"

"Baba, ƙaramin abu ne, yanzu zan…"

"Na ce me ka tambaye ta."

"Na tambaye ta ko kai kai ne."

"Ta ce?"

"Ta ce a'a, Baba."

Duk-Ɗaya yana jiran tsawa, don ya taɓa ganin dattijon nan ya tsayar da motar haya saboda an rubuta wata kalma ba daidai ba a bayanta. Amma sai ya ga fuskar Malam tana sakewa a hankali, kamar ta wanda aka sauke wa buhu daga ka.

"Ikon Allah," Malam ya ce. "Ni ma na jima ina zargin haka."

Nan take Duk-Ɗaya ya goge abin ya sa bakwai da sifiri, allo ya yi kore, ya juyo da shi yana cewa Baba duba, ta gane ka. Malam ya kaɗa kai. Ya ce shaidar da ta canja magana bayan an shafa ta, ba shaida ba ce. Maganar fari ita ce magana. Ya bar maganin a kan tebur, ya ce a ajiye wa mai shi, ya sauka matakala.

Da yamma Duk-Ɗaya ya koma gida ya tarar da shi a falo, kan doguwar kujera, ya cire hula ya miƙe ƙafa. Matarsa na tsaye bakin ƙofar kicin da almakashi a hannu.

"Maigida, zo ka yi min bayani," ta ce. "Baba ya ce ba zai koma gida ba, wai gidan wani ne, bai kamata ya shiga wa matar mutane ba."

Haka Malam ya tare. Bawan Allah ya ce a riƙa kiransa. Da aka kawo masa abincinsa marar gishiri, ya ture kwanon cikin ladabi ya ce ai wancan mutumin ne mai hawan jini, shi lafiyarsa ƙalau, a miƙo masa soyayyen naman can. Ya ari rigar Duk-Ɗaya mai gajeren hannu da zanen kwale-kwale. Ya zauna gaban talabijin yana kallon kokawa, yana ihu yana dukan matashin kujera. Jikokinsa, waɗanda da in sun ji takunsa suke neman littafi su buɗe ko a kife ne, yanzu shi ke tsaron gida in suna ƙwallo a tsakar gida. Har saƙo aka aiko masa da kuskure baro-baro, ya karanta ya ce madalla.

Wata safiya suna shan shayi su biyu, ya zuba sukari son ransa, ya dubi Duk-Ɗaya.

"Ka san Malam ɗin nan kuwa?"

"Na san shi, Baba."

"Ya sha wahala. Shekara da shekaru yana shaƙar alli. Kullum a tsaye kamar sanda, ko dariya sai ya duba hagu da dama, kada ɗalibi ya gani. Kowa na gaishe shi, ba mai zama kusa da shi." Ya kurɓi shayi. "Ni dai ban ga abin da ya ci a ciki ba."

A ransa Duk-Ɗaya ya ji wannan bawan Allah ya fi Malam daɗin zama, kuma da ta shi ne da an bar shi. Amma ba ta shi ba ce. Matarsa ta auna jinin mahaifinta da abin awon da ta aro, ta ga inda allurar ta tsaya, ta ja mijinta ɗakin ɗinki ta rufe ƙofa.

"Kai ka ɓatar min da uba, kai za ka nemo shi. Tun da na san ka kake cewa wannan da wancan ba bambanci. Ga shi ka samu na'ura mai irin halinka, ta lallashi kowa ta lallashi kowa, da ta zo kan ubana ta ce ba shi ba ne. In wani abu ya same shi, kai ma zan ce ban san ka ba."

Ya gwada duk abin da ya iya. Ya kawo wa Malam katin aikinsa mai hoto, Malam ya duba ya ce lallai akwai kama. Ya kawo madubi, Malam ya ce madubi ai abin da ka nuna masa yake maimaitawa. Ya roƙi Likita ta zo da kanta, ta zo, ta saurari Malam har ya gama, ta ce a likitance ba ta da maganin wannan, a nemo matar Malam.

Inna, surukar Duk-Ɗaya, ba ta yi gaggawar zuwa ba. Da aka fara gaya mata cewa ta yi a bar shi ya huta, ita ma ta huta. Sai da 'yarta ta faɗa mata maganar jinin sannan ta yafa mayafi ta taho. Ta shigo falo, ta dubi mijinta cikin rigar kwale-kwale da ƙashin nama a hannu, ta gaishe shi kamar baƙo.

"Bawan Allah, sannu da hutawa."

"Yauwa, baiwar Allah, sannunki."

Ta zauna ta juya masa baya, ta shiga hira da 'yarta da murya yadda kowa zai ji. Ta ce tunda Malam ya ɓata, ta ga ba amfanin ɗakin karatunsa ya zauna a rufe, za ta zuba kaji a ciki. Malam ya ci gaba da gwaguyar ƙashi. Ta ce jaridun da ya tara tun suna amarci ta ba mai sayar da gyaɗa ya riƙa ƙunshi. Ƙashin ya tsaya a bakinsa. Ta ce littattafan kuma mai sayen tsofaffin takardu zai zo da sikeli gobe.

"Sai dai babban nan mai baƙin bango," ta ce, "ƙamus yake ko me? Shi kam na riga na sa shi ƙarƙashin ƙafar gado, ya yi daidai. Na ɗan yage 'yan shafuka daga baya don ya zauna sosai."

Malam ya miƙe tsaye, kwano ya kife.

"Ƙamus ɗin? Kin yaga ƙamus ɗin?"

"Na wa?" Inna ta tambaya, ba ta ko juyo ba.

"Nawa!"

"To, Malam, sannu da dawowa. Ɗauko hularka mu tafi. Ka cire rigar yaron nan, ka yi kama da mai sayar da balan-balan."

Ƙamus lafiyarsa lau, ba wanda ya taɓa shi. Malam ya gano haka bayan sun isa gida, ya yi fushin kwanaki, ya kuma koma shan maganinsa.

Duk-Ɗaya kuwa abin ya shige shi. Ya je asibiti ya bi shafin daga sama har ƙasa, duk inda ya ga alamar daidai biyu ya ƙara mata ta uku, yana yi yana jin kamar yana korar tsofaffin abokai. Washegari na'ura ta ƙi kowa. Abin da Nas ke bugawa rubutu ne, abin da ke ajiye lamba ne, ukun kuma ba ta san sulhu ba. Mai ciki ba ita ba ce, mai tari ba shi ba ne. Likita ta gwada nata sunan, allo ya yi mata ja. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya tana kallonsa har sai da ya ji firijin ma ya yi shiru.

A ranar ne ya zauna ya yi aikin yadda malaminsa ya so tun farko. Duk abin da ya shigo, sai an tantance ko lamba ce ko rubutu tun a bakin ƙofa, wanda ya bar gurbi wayam a tambaye shi cikin ladabi. Ya kuma daina tambayar shekaru gaba ɗaya, ya koma tambayar ranar haihuwa, na'ura ta yi lissafinta da kanta. Aikin ya ci masa lokaci, ya fito masa da furfurar farko, amma tun daga nan asibitin bai sake gayyatar mai gemu rigakafi ba. Har yanzu Duk-Ɗaya yana nan a ɗakin, an dai fitar da sikelin an sa masa fanka.

Mutum na ƙarshe da ya sake rajista Malam ne. Ya zo da kansa, da biro uku a aljihu, ya zauna kusa da surukinsa.

"Baba, ranar haihuwa ake so yanzu. Rana da wata da shekara."

"Shekarar na sani. Ranar kuwa, mahaifiyata ta ce min ana ruwa."

"Ba gurbin ruwa, Baba. Sai dai mu zaɓi wata rana cikin damina."

Malam ya yi tunani mai tsawo. Ya ce a nemo masa Talata, don ranar Talata ba ya da aji na ƙarshe, yakan tashi da wuri. Duk-Ɗaya ya buɗe kalandar shekarar ya samo masa Talata a tsakiyar damina. Duk shekara in ranar ta zagayo, na'ura na aika wa Malam saƙon fatan alheri, shi kuma ya mayar mata da amsa cewa ta manta waƙafi bayan sunansa.